Karatun Jarida a Jami'a da Labarin Ƙasar Kabi

Karatun aikin jarida a jami'o'in Nijeriya ya haura shekara sittin. An fara shi a Jami'ar Nsukka a 1961, a kwalejin da aka raɗa wa suna Jackson, bisa tsarin makarantun jarida na Amurka, waɗanda ta farkonsu aka buɗe a Jami'ar Misuri a 1908. Jami'ar Legas ta biyo baya cikin shekarun 1960 da tallafin UNESCO. Arewa kuwa sai a 1978 ta samu sashenta na farko, a Jami'ar Bayero ta Kano. Daga nan abin ya yaɗu, har ya zama a yau da wuya a samu jihar da ba ta da ɗalibai masu wannan karatu, ko a gida ko a maƙwabta.

Karatun shekara huɗu ne, kuma ƙafa uku yake tsayawa a kai. Akwai tarihin kafofin yaɗa labarai, akwai doka da ladubban aiki tare da nazarin yadda saƙo ke tasiri a kan jama'a, sannan akwai sana'ar kanta: nemo labari, tantance shi, rubuta shi, tace shi, da karanta shi a gaban makirufo. A tsakiyar karatun ana tura ɗalibi wata kafa ya yi 'yan watanni na sanin makamar aiki, a ƙarshe kuma ya rubuta kundin bincike. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba tsohon digirin sadarwa zuwa fannoni bakwai, aikin jarida ya zama digiri mai zaman kansa, aka ware shi daga talla da hulɗa da jama'a da harkar fim. A watan Disamba na 2022 kuma hukumar ta fito da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi ƙorafi cewa kashi 30 ya yi kaɗan. Ƙorafin yana da hujja, amma ko wannan kaɗan ɗin ya ishi a gyara wani babban giɓi, muddin an san abin da za a zuba a ciki.

Jihar Kebbi wuri ne mai kyau na auna wannan giɓi. An ƙirƙire ta ranar 27 ga Agusta 1991 daga tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma tana da manyan makarantu daidai gwargwado: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, wadda sunan da take ɗauke da shi ma na tsohon ma'aikacin watsa labarai ne da ya zama sanata a 1999. Ɗan Birnin Kebbi ko Argungu da ya karanci jarida, ko a ina ya yi karatun, galibi gida yake dawowa. Aikin da ke jiransa a nan na rediyo ne, da Hausa, a kan shinkafa da ambaliya da kifi da tsaro da iyakar Kamba. Abin da ya kwashe shekara huɗu yana karantawa kuwa da Turanci ne, misalansa daga Legas da Landan.

A ɗauki darasin tarihi tukuna. Kusan kowane littafin da ake koyarwa da shi yana farawa ne daga Abekuta a 1859, lokacin da ɗan mishan Henry Townsend ya fara buga Iwe Irohin da Yarbanci. Daga nan a gangaro kan jaridun Legas na zamanin mulkin mallaka, a tsaya a kan West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe ta 1937, a ambaci Gaskiya Ta Fi Kwabo a sakin layi ɗaya ko biyu, a wuce. In dai tarihin injin ɗab'i ake nufi, wannan jeri daidai ne. Matsalar ita ce ɗalibi yana fita da tunanin cewa kafin injin ya iso babu wata tsararriyar hanya ta kai labari a ƙasarsu. Alhali fadar Kabi da ta Gwandu suna da sankira mai shela, suna da jakadu masu kai saƙo garuruwa, suna da tambura da ake bugawa a san an yi sabon sarki ko yaƙi ya taso. Fatake da ke bin gulbi da jirage suna sauke labari tare da kaya. Makaɗan fada, irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, suna ajiye tarihin sarauta a baki, kuma zambonsu yana iya rage wa mutum daraja fiye da duk wani sharhin jarida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ubangida, yana da abin da zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba, yana da ladan da ake ba shi. Tambayoyin da ake yi wa ɗalibi a aji game da mai kafa da mai biyan kuɗi da 'yancin edita, duk ana iya yinsu a kan sankira da maroƙi, kuma ɗalibin zai fi saurin ganewa.

Akwai kuma rubutaccen gado. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Gwandu ta zama cibiyar mulkinsa, ya tattara waƙoƙinsa da bayanin abubuwan da suka faru lokacin jihadi a Tazyinul Waraƙati. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke ɗaukar waƙoƙin ilimi a ka su kai wa mata a ƙauyuka, tsarin da duk mai koyar da sadarwar raya karkara ya kamata ya fara da shi kafin ya kawo misali daga Indiya. Waɗannan littattafai ba jaridu ba ne, amma rahotanni ne na waɗanda suka ga abu da idonsu, suka kuma rubuta shi daga ɓangarensu. A 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kebbi. Kabawa suka ci gaba da turjiya, daga baya suka kafa gadon sarautarsu a Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana gwabzawa. Labarin waɗannan shekaru yana da fuska biyu, wadda malaman Gwandu suka rubuta da wadda Kabawa ke bayarwa a Argungu, inda tsohuwar fada ta zama gidan tarihi na Kanta. Garuruwan biyu tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Da wuya a samu darasin tantance majiya da ya fi a sa ɗalibi ya saurari duka biyun, ya rubuta abin da ya tabbata, ya ware abin da kowane ɓangare ke iƙirari, ba tare da ya zagi kakan kowa ba. Ko ba komai zai tsira daga kuskuren da baƙin 'yan jarida ke yawan yi, domin Sarkin Gwandu ne ke zaune a Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu.

Jaridar Hausa ta zamani ta cancanci zangon karatu guda, ba sakin layi ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, Rupert East yana kula da ma'aikatar. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne kashe jita-jita a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ke ƙaratowa. Duk da haka shafin wasiƙunta ya zama dandalin da 'yan bokon Arewa suka fara tattauna halin da talaka ke ciki a hannun hukumomin En'e. A 1943 Imam ya je Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma tare da Azikiwe. Yadda editan jaridar gwamnati ya riƙa taka tsantsan tsakanin Turawa da sarakuna da masu karatu shi ne ainihin halin da editan gidan rediyon jiha ke ciki a yau, sai dai sunayen iyayen gida sun canza. Cikin shekarun 1950 hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, ta buga ƙananan jaridu na larduna, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya, Zaruma kuma a Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu da Yawuri ke cikinsa a wancan lokaci. Ɗalibai nawa ne daga Kebbi suka taɓa jin sunan Zaruma, balle su riƙe kwafinta?

Amma abin da ya raini kunnen mutanen wannan yanki shi ne rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. A gida akwai Rima Rediyo ta Sakkwato, wadda ta yi wa yankin hidima kafin a raba jiha, sannan gidan rediyo da talabijin na Jihar Kebbi, da tashar NTA, da Equity FM ta Rediyon Tarayya a Birnin Kebbi, da tashoshi masu zaman kansu da suka zo daga baya. Manomin da ke fadama da rediyo rataye a reshe ya san sunayen shugabannin ƙasashen da bai taɓa gani a taswira ba, kuma yana da ma'aunin da yake gane ingantaccen labari da shi, ma'aunin da waɗannan tashoshi suka gina masa cikin shekaru. Sa'ad da gwamnatin Amurka ta dakatar da Muryar Amurka a watan Maris 2025, masu sauraro sun ga yadda kafar da aka saba da ita shekara arba'in da 'yan kai za ta iya yin shiru da sa hannun mutum ɗaya a wata ƙasa. Wannan ma darasi ne na tarihi, kuma yana nuna dalilin da ya sa horar da na gida ya zama dole.

Daga nan sai batun harshe, wanda shi ne inda giɓin ya fi faɗi. A ɗakin labarai na tashar jiha, wajen ƙarfe biyar na yamma, sanarwa takan shigo ta WhatsApp daga wata ma'aikata, shafi biyu na Turancin ofis. Edita ya tura wa ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, ya ce a mayar da ita Hausa kafin labaran ƙarfe shida. Yaron ya ci jarrabawar rubuta labari da Turanci, amma ba a taɓa sa shi ya rubuta ko kanun labari ɗaya da Hausa ba. Sai ya bi sanarwar kalma bayan kalma. Inda ake nufin an ƙaddamar da rabon taki, ya rubuta cewa kwamishina ya ɗaga tuta. Inda aka ce hekta, ya bar ta hekta, ba tare da ya san ta kusan kai eka biyu da rabi ba. Inda aka ce tan, bai mayar wa manomi da shi buhu ba. Miliyan da biliyan kuwa sukan sauya wuri tsakanin takarda da makirufo. Tsohon mai karanta labarai, wanda wataƙila bai taka jami'a ba, shi ke karɓar takardar ya gyara da biro a tsaye, yana gunaguni. Ilimin da ke kan wannan tsoho, na yadda ake gina jimlar da kunne zai kama da ji ɗaya, ba ya cikin manhaja, kuma yana tafiya da shi ranar da ya yi ritaya.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Jami'o'in yankin suna da malaman Hausa da na fassara, sai dai su da malaman jarida kowa yana tsangayarsa. Kwas biyu ko uku na rubuta labari da Hausa, da fassarar labarai, da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, za su shiga cikin kashi 30 ba tare da an ture komai ba. Ya kamata a haɗa da sanin inda za a yi amfani da daidaitacciyar Hausa da inda za a bar mai magana da karin harshensa, domin Bakabe da aka yi hira da shi bai kamata a mayar da shi Bakano a wajen tacewa ba. Sannan jihar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Akwai Fulfulde, akwai Zabarmanci da Dandanci ta wajen iyakar Nijar da Benin, akwai Dakarci a ƙasar Zuru da Kambarci a ƙasar Yawuri. Ɗalibin da ya tashi da ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe da jarin da ba a taɓa ba shi maki a kai ba.

Ta fuskar koyon aiki a fili, Argungu tana da ajin da ba a gina da bulo ba. Bikin kamun kifi ya samo asalinsa na zamani daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin gidajen biyu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar kamu, dubban masunta sukan yi sahu nesa da bakin kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa. Da an ba da alama sai su kwasa da gudu su faɗa ruwa, ƙura ta tashi, makaɗa na bi cikin kwalekwale. Cikin awa guda ake fito da manyan giwan ruwa ana kai su ma'auni. Hoton da duniya ke gani ke nan kowane biki, kuma kowa yana iya ɗaukarsa da waya. Aikin ɗan jarida yana wajen ma'aunin. A 2008 an ƙwace kambun daga wanda aka fara bayyanawa ya yi nasara, bayan sauran masunta sun yi ƙorafi cewa kifin ba a wurin aka kama shi ba. A 2020, da bikin ya dawo bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Wa ya auna, da wane sikeli, wa ya shaida? Me ya hana bikin tsawon waɗannan shekaru, yaya zurfin ruwan yake yanzu, me Sarkin Ruwa da masunta ke cewa game da yawan kifi? Ɗalibin da aka tura da waɗannan tambayoyi zai dawo da abin da ya fi hoto.

Haka batun shinkafa. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba 2015. A 2016 aka fito da shinkafar haɗin gwiwa tsakanin Kebbi da Legas, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, a 2020 kuma ambaliya ta shafe gonaki masu yawa a fadamun jihar. Kowane mataki an ba da labarinsa, amma mafi yawa daga bakin mai jawabi a kan mumbari. Bin sawun irin wannan shiri yana buƙatar ɗan jarida da ya iya karanta kasafin kuɗi, ya san kuɗin man injin ban ruwa a noman rani, ya san dangantakar sakin ruwa daga madatsar Goronyo da cikar gulbi a Argungu, ya kuma iya lissafin buhu nawa manomi zai sayar kafin ya fita bashi. Wannan lissafi ne na firamare, sai dai ba a cika haɗa shi da darasin jarida ba.

Labarin tsaro da haɗari ya fi kowanne nauyi. Kifewar jirgin ruwa kusa da Warra a watan Mayu 2021 da sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na shekarar sun nuna yadda alƙaluma ke saɓawa juna a ranar farko, kowace kafa da nata adadin, iyaye kuma suna manne da rediyo. A irin wannan rana ake gane wanda aka koya wa ya ce ga abin da aka tabbatar, ga wanda ya faɗa, ga abin da ba a kai ga tabbatarwa ba. Yanzu kuma kowane mai waya a Facebook da TikTok abokin takara ne, kuma shi ba ya jiran edita. Abin da ya rage wa mai digiri ya bambanta da shi shi ne tantancewa, da sanin abin da bai kamata a nuna ba, kamar fuskar yarinyar da aka sako daga hannun 'yan bindiga.

Darasin doka yana cikin waɗanda ake koyarwa da kyau. Ɗalibai suna haddace sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulki, da Doka ta 4 ta 1984 wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor a ƙarƙashinta, da kisan Dele Giwa a 1986, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, da dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne yadda matsin yake a ƙaramin gari. A babban birnin jiha irin Birnin Kebbi gwamnati ce babbar mai ba da talla, ita ce mai tashar da ta fi ɗaukar ma'aikata, kuma jami'in da za a rubuta labari a kansa wataƙila surukin maƙwabci ne, za a haɗu da shi a ɗaurin aure ranar Asabar. Wakilai da dama albashinsu ba ya zuwa a kan kari, wasu ma katin shaida kawai aka ba su. Bayan taron manema labarai akan miƙa ambulan a ce ga kuɗin mai. Littafin ladubban aiki ya ce a ƙi karɓa, kuma gaskiyarsa ne. Amma malamin da ya tsaya a nan bai gama aikinsa ba, sai ya zauna da ɗalibai sun yi lissafin yadda ƙaramar tasha ko shafin labarai na intanet zai ciyar da kansa daga tallan 'yan kasuwa da sanarwar biki da gudummawar masu sauraro, domin wanda ya san inda abincinsa zai fito shi ke iya mayar da ambulan. Kunya da girmama na gaba, waɗanda tarbiyya ce a gida, su ma suna buƙatar a tattauna su a fili: akwai hanyar da matashi zai ce ranka ya daɗe, ya rusuna, sannan ya yi tambayar da ya zo yi.

Saura kundin bincike na shekarar ƙarshe, wanda a sassa da yawa ya zama maimaici, ana raba takardar tambayoyi ga ɗalibai ɗari a kan tasirin kafofin sada zumunta, a ɗaure, a ajiye a kanta. Ga shi kuwa tarihin watsa labarai a Jihar Kebbi tun daga 1991 yana warwatse a bakin mutanen da suka yi aikin, da yawansu suna raye a Birnin Kebbi da Argungu da Jega, wasu da tsofaffin kaset a akwati. Tsofaffin jaridun Hausa da takardun Lardin Sakkwato ana neman su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗalibi ɗaya zai iya ɗaukar hira da masu karanta labarai na farko a gidan rediyon jiha, wani ya bi yadda aka ba da labarin bikin Argungu daga zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo zuwa na TikTok, wani ya tattara kalmomin noma da su da ake amfani da su a shirye-shiryen manoma ya daidaita su. Kayan aikin da ake buƙata waya ce mai ɗaukar murya, da kuɗin mota, da malamin da zai karanta abin da aka kawo masa.